Rigar fulanel da gajeren but: Yadda rigar leburori ta zama kwalliyar mata

Da zarar watan Oktoba ya kama a ƙasashen Turai da Amurka ta Arewa, sanyi ya fara shigowa, shagunan sayar da tufafi kan cika da wasu kaya iri biyu. Na farko riga ce mai maɓalli, ta wani yadi mai laushi da ake kira fulanel. Na biyu kuma takalmi ne sau-ciki, wanda wuyansa ke tsayawa a daidai idon sawu ko sama kaɗan, wato gajeren but.

Haɗa waɗannan kaya biyu ya zama ɗaya daga cikin shigar yau da kullum ta mata a waɗannan ƙasashe, kama daga ɗaliban jami'a zuwa iyaye mata masu kai yara makaranta. Shiga ce ta zuwa kasuwa, da aji, da ziyarar ƙawaye, ba ta biki ko taron alfarma ba.

Batun dai ya shafi matan da karatu ko aure ko aiki ke kai su ƙasashen sanyi, waɗanda sau da yawa sukan kashe kuɗi mai yawa a makon farko a kan kayan da ba za su amfane su ba. Ya kuma shafi masu tsintar irin waɗannan kaya a kasuwannin gwanjo idan hunturu ya gabato.

Mene ne fulanel?

Mutane da dama na ɗauka cewa duk rigar da ke da zanen gida-gida, mai kama da gidan dara, ita ce fulanel. Gaskiyar magana ita ce sunan na yadin ne, zanen kuwa abu ne daban. Akwai fulanel marar zane ko kaɗan, akwai kuma riga mai gida-gida da ba ta da alaƙa da fulanel.

Abin da ya bambanta yadin shi ne yadda ake gama shi. Bayan an saƙa, a kan taje fuskarsa har sai ƙananan gashi sun taso. A da can da ƙayar wani tsiro ake yin wannan aiki, yanzu kuma da injuna masu burushin ƙarfe. Wannan gashi shi ke riƙe iska a jikin yadin, iskar kuma ta hana ɗumin jiki fita. Dalilin da ya sa ke nan riga marar nauyi sosai take iya tare sanyi.

Tarihin yadin na da alaƙa da yankin Wales na Birtaniya, ƙasar duwatsu da tumaki da yawan ruwan sama, inda aka shafe ɗaruruwan shekaru ana saƙa shi da ulu. Garuruwa irin su Newtown da Llanidloes sun yi suna a wannan sana'a a ƙarni na 19. A Newtown ɗin ne wani ɗan kasuwa, Pryce Pryce-Jones, ya riƙa aika wa masu saye fulanel ta gidan waya tun daga shekarun 1860, kuma cikin abokan cinikinsa har da Sarauniya Victoria.

A yau akasarin rigunan da ke kasuwa na auduga ne, ko kuma auduga da aka gauraya da zaren roba, domin sun fi na ulu araha da sauƙin wanki.

Shi kuwa zanen gida-gida, an fi danganta shi da yankin Scotland, inda ake kiransa tatan. A shekarar 1746, bayan wani tawaye, gwamnatin Birtaniya ta kafa dokar da ta hana mazan tsaunukan yankin sanya tufafinsu na gargajiya, ba a kuma soke ta ba sai a 1782.

Daga daji zuwa birni

A Amurka ne rigar ta zama kayan masu aikin ƙarfi. Masu saran itace, da ma'aikatan jirgin ƙasa, da manoma sun rungume ta saboda ɗumi da ƙarko. Kamfanin Woolrich na jihar Pennsylvania, wanda aka kafa a 1830, ya ce tun a 1850 ya fara yin zanen nan mai ja da baƙi da har yanzu ya fi kowanne shahara.

Mata ba su shiga wannan shiga da wuri ba, domin a wancan zamani ko wando ma ba a yarda mace ta sa ba. A birnin Paris akwai wata doka ta 1800 da ta ce sai mace ta nemi izinin 'yan sanda kafin ta yi shigar maza. An daɗe da daina aiki da ita, amma sai a 2013 gwamnatin Faransa ta bayyana a hukumance cewa ta mutu.

Yaƙin Duniya na Biyu ne ya sauya al'amura. Maza sun tafi fagen fama, miliyoyin mata kuma suka shiga masana'antu da gonaki, inda doguwar riga ke iya maƙalewa a inji. Bayan yaƙin da dama daga cikinsu ba su ajiye wando da rigar aiki ba. A 1949 kamfanin Pendleton na jihar Oregon, wanda ya daɗe yana ɗinka wa maza rigunan ulu masu gida-gida, ya fitar da samfurin mata, kuma ya samu karɓuwa ƙwarai.

Sai dai abin da ya kai rigar ko'ina a duniya shi ne wani salon kiɗa da ya taso a birnin Seattle a ƙarshen shekarun 1980, wanda aka yi wa laƙabi da granj. Mawaƙan ƙungiyoyi irin su Nirvana da Pearl Jam kan hau dandamali da tsofaffin rigunan fulanel da manyan takalma. Yankin nasu na masu saran katako ne, ga sanyi da ruwa, rigunan kuma na da araha a shagunan gwanjo. Matasa maza da mata suka yi koyi da su.

A 1992 wani matashin mai zana tufafi, Marc Jacobs, ya nuna wa manyan masu kuɗi irin wannan shiga a birnin New York da sunan kamfanin Perry Ellis, har da rigunan siliki da aka yi wa zane kamar fulanel. Masu sharhi suka yi masa ca, kamfanin kuma ya sallame shi. A 2018 ya sake fitar da kayan, a lokacin da ake kallonsu a matsayin wani babi na tarihin ɗinki.

Takalmi mai tushe biyu

Gajeren but na mata ya girmi wannan labari. A ƙarni na 19 shi ne takalmin fita na matan Ingila, ana ɗaure shi da igiya ko da jerin maɓallai masu cin lokaci.

Mai yi wa Sarauniya Victoria takalma, Joseph Sparkes Hall, shi ake dangantawa da samfurin da ke da roba mai miƙewa a gefe biyu, wanda ake zura ƙafa kawai ba tare da ɗauri ba. A shekarun 1950 da 1960 matasan unguwar Chelsea ta birnin Landan suka farfaɗo da shi, daga nan ya samu sunan da ake kiransa da shi har yau. Mawaƙan Beatles ma sun taimaka wajen yaɗa shi.

Ɗaya tushen kuma daga Jamus yake. A 1945 wani likitan soja, Klaus Märtens, ya ji ciwo a ƙafa, ya ga takalmin soja ya yi masa tauri, sai ya ƙirƙiro tafin takalmi mai iska a ciki. Kamfanin ya ce a shekaru goma na farko akasarin masu sayen takalmin mata ne da suka haura shekara 40, masu neman abin da ba zai gajiyar da ƙafa ba.

Wani kamfanin iyali a gundumar Northamptonshire ta Ingila ya sayi izinin ƙera shi, ya kuma fitar da samfurinsa na farko ranar 1 ga Afrilun 1960 da sunan Dr. Martens. Yana da ramukan igiya takwas a kowane gefe da ɗinkin rawaya a gindinsa. Masu rarraba wasiƙu da ma'aikatan masana'antu ne suka fara sa shi, kafin matasa su karɓe.

Waɗannan biyu, wato mai roba a gefe da mai igiya, da kuma na uku mai zif da ɗan tudun dunduniya, su ne aka fi haɗawa da rigar fulanel.

Yadda ake haɗa su

Abu na farko shi ne daidaito tsakanin sama da ƙasa. Fulanel yadi ne mai kauri, kuma a kan ɗinka rigar da yalwa. Takalmi siriri kamar silifa kan sa jiki ya yi kamar sama ya rinjayi ƙasa. But kuwa yana da nauyin da zai daidaita shigar.

Hanyoyin sa rigar guda uku ne. Ana iya rufe maɓallanta duka a sa ta kamar kowace riga. Ana iya barin ta a buɗe a kan wata riga marar zane, ta zama kamar ƙaramar kwat. Wasu kuma kan ɗaura ta a ƙugu idan rana ta yi, su mayar da ita jiki da yamma. Hanya ta biyu ta fi amfani a ƙasashen sanyi, inda waje ke da sanyi amma cikin aji ko jirgin ƙasa akwai na'urar ɗumama ɗaki.

Abu na biyu shi ne wurin da tufafin ƙasa ya haɗu da wuyan takalmi, kuma a nan ne aka fi yin kuskure. Idan wando ne mai matsattsen baki, a kan cusa shi cikin takalmin ko a naɗe shi ya tsaya a bakin wuyan. Idan mai faɗin ƙafa ne, sai a sake shi ya rufe wuyan, kan takalmin kaɗai ya fito. Abin da ke ɓata shigar shi ne wando ya taru ya yi cukwi-cukwi a saman takalmi.

Ga mai sa dogon siket ko doguwar riga, gajeren but ya fi dogon but dacewa, domin ba ya kama yadin daga ciki. Ana so bakin siket ɗin ya sauka ya rufe wuyan takalmin, amma kada ya ja ƙasa. A biranen da ake zuba gishiri a titi don narkar da ƙanƙara, bakin rigar da ke jan ƙasa kan jiƙe, ya kuma yi farin tabo.

Abu na uku launi ne. Riga mai gida-gida ta riga ta ɗauki launi biyu ko uku, saboda haka sauran kayan a kan bar su ba zane. Dabarar da aka saba ita ce a zaɓi launi ɗaya daga cikin na rigar, a yi mayafi ko ɗankwali da shi. Riga mai ja da baƙi ta fi tafiya da baƙin takalmi, mai kore ko shuɗi ko ruwan ƙasa kuma da takalmi ruwan ƙasa. Haɗa gida-gida da atamfa mai manyan furanni kan sa ido ya rasa inda zai tsaya.

Ga mai son sutura

Wani dalili da ya sa mata Musulmi da ke zaune a Turai da Amurka suka karɓi wannan shiga shi ne ba sai an sauya mata fasali ba kafin ta rufe jiki. Rigar na da dogon hannu da wuya mai rufewa, yadin ba ya nuna jiki, takalmin kuma ya rufe ƙafa baki ɗaya.

Masu son tsawo kan sayi ta maza, domin ta fi sauka ƙasa, ta kuma fi yalwa a ƙirji da ƙugu. Ana gane ta da maɓallai: a rigar maza suna ɓangaren dama na mai sanye da ita, a ta mata kuma suna hagu. Abin lura shi ne ɗinkin kafaɗa. Idan ya zarce kafaɗar da yawa, rigar za ta yi kama da ta aro. Akwai kuma dogayen samfura da ke kaiwa gwiwa, waɗanda ake sawa a buɗe a kan abaya marar ado.

Manyan kamfanoni sun lura da wannan kasuwa. A 2015 kamfanin Uniqlo na Japan ya fara fitar da tufafin sutura tare da Hana Tajima, wata Musulma mai zana tufafi haifaffiyar Birtaniya, a 2017 kuma aka yi makon nunin irin waɗannan tufafi na farko a Landan.

Batun alwala ma na shiga cikin zaɓin takalmi. Mai igiya takwas na cin lokaci wajen cirewa da mayarwa, mai zif ko roba kuwa cikin daƙiƙa kaɗan an gama. A mazhabar Malikiyya ana yin shafa a kan huffi idan na fata ne mai tsarki, ɗinkakke, ya rufe idon sawu, an kuma sa shi bayan cikakkiyar alwala. Wadda ta yi shafa sannan ta cire, sai ta wanke ƙafa nan take. Ko wani takalmi ya cika waɗannan sharuɗɗa, tambaya ce da malami zai amsa bayan ya ga takalmin.

Haka kuma wasu kamfanoni kan yi shafin cikin takalmi da fatar alade saboda laushinta da araha. Ana iya gane ta da ƙananan ɗigo da ke zuwa uku-uku a jikin fatar.

Kafin a biya kuɗi

Wata dokar Tarayyar Turai ta 1994 ta tilasta a manna wa takalmi alamar abin da aka yi shi da shi, kashi uku: sama, da shafin ciki, da tafi. Hoton shimfiɗaɗɗiyar fata na nufin fata ce ta gaske. Hoton saƙa na nufin yadi. Hoto mai kusurwa huɗu kamar daiman kuma na nufin wani abu daban, galibi roba. Alamar ba ta faɗin ko fatar wace dabba ce.

Bambancin na da muhimmanci ga aljihu. Fata ta gaske na buɗewa ta bi siffar ƙafa, tana barin gumi ya fita, kuma mai gyaran takalmi na iya sauya mata tafi. Ta roba ta fi araha, amma idan ta fara ɓarewa babu gyara.

Lambar takalmi ma ta bambanta daga ƙasa zuwa ƙasa. Lamba 38 ta Turai ita ce kusan 5 a Birtaniya, kusan 7 kuma a ma'aunin matan Amurka. An fi so a gwada takalmi da yamma, lokacin da ƙafa ta ɗan kumbura, kuma da irin safar da za a riƙa sawa. Ya kamata yatsu su iya motsi, dunduniya kuma kada ta riƙa fita idan ana tafiya.

Likitocin ƙafa kan ba da shawarar kada tudun dunduniya ya wuce kimanin santimita 5 ga takalmin yawo, domin duk ƙarin tsawo na tura nauyin jiki zuwa yatsu. Dunduniya mai faɗi ta fi mai tsini aminci, tafi mai zane-zane kuma ya fi riƙe ƙasa idan an yi ruwa ko ƙanƙara. Sabon but na fata kan yi tauri a kwanakin farko, don haka a kan fara da sa shi na ɗan lokaci da safa mai kauri kafin a yi doguwar tafiya.

Ita kuwa rigar, a duba takardar da ke cikinta a ga yawan auduga ko ulu. Mai yawan zaren roba na saurin yin ƙulli-ƙulli, tana kuma riƙe gumi. Wata alamar ɗinki mai kyau ita ce layukan zanen su haɗu daidai a gaba da kuma wurin aljihu.

Fulanel na tsukewa idan ya ji ruwan zafi. A wanke shi da ruwan sanyi, a juya cikinsa waje, a shanya a inuwa. Takalmin da ya jiƙe kuma kada a kara shi a wuta ko na'urar ɗumama ɗaki, domin fatar za ta tsage. A cusa masa takarda a bar shi ya bushe da kansa, sannan a shafa masa mai.

Hunturu da kasuwar gwanjo

Da yawa daga cikin rigunan da Turawa suka gaji da su kan ƙare ne a diloli zuwa Afirka ta Yamma. Ana ganinsu a kasuwar Ƙofar Wambai ta Kano, da kasuwar Kantamanto ta birnin Accra, wadda gobara ta cinye babban ɓangarenta a farkon watan Janairun 2025. Wata ƙungiya mai aiki a Kantamanto, Or Foundation, ta ƙiyasta cewa kimanin kashi 40 cikin 100 na tufafin da ke shiga kasuwar na zama shara, saboda lalacewa ko rashin dacewa da yanayin ƙasar.

Fulanel na cikin kayan da amfaninsu ke da iyaka a ƙasar zafi. A Kano ko Maraɗi ko Zinder, daga Disamba zuwa Fabrairu ne ake jin daɗinsa, musamman da asuba da dare. A Jos da tsaunin Mambila lokacin ya fi haka tsawo. Takalmi rufaffe da safa kuma na kare dunduniya daga ƙura da bushewar da ke jawo kaushi da faso. Amma da zarar bazara ta shigo, zafi ya doshi digiri 40, rufe ƙafa yini guda na jawo gumi da ƙaiƙayin tsakanin yatsu.

Mai sayen but na gwanjo ta lanƙwasa tafin ta gani. Wasu nau'o'in roba kan ruɓe idan sun daɗe a ajiye, su farfashe bayan 'yan kwanaki ko da takalmin na sheƙi. Ta kuma duba ko dunduniyar ta cinye ta gefe ɗaya, domin hakan na karkatar da tafiyar wadda ta gaje shi.

Akwai kuma haɗari guda da ya kamata a sani. Gashin nan da ke sa fulanel ɗumi shi ne kuma ke sa na auduga saurin kama wuta, harshen ya bi fuskar yadin cikin ƙiftawar ido. A Amurka, ƙonewar mutane da irin waɗannan yadudduka masu gashi na cikin abin da ya sa aka kafa dokar tufafi masu kama wuta a 1953. A lokacin hunturu, da ake kwana da kaskon gawayi a ɗaki ana kuma jin ɗumi a bakin murhu, mai sanye da rigar ta naɗe hannuwanta kafin ta tunkari wuta, ta kuma rufe maɓallan idan za ta yi girki.